Oga ya dage sai an kawo lemur, me ya kamata in sani?

Abban Hanifa:
Salam jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen masana. Ina aiki a wani wurin shaƙatawa na wani bawan Allah, muna da jimina, ɗawisu, manyan kunkuru, barewa da jan biri, ni ke kula da ci da shansu. To oga ya dawo daga tafiya, ya ga wata dabba a can mai doguwar jela zobe-zobe baƙi da fari, wai lemur, yara na ta rububin ɗaukar hoto da ita, yanzu ya kafe sai an samo mana mace da namiji kafin babbar sallah, har wani dillali ya turo masa bidiyo ta WhatsApp yace shi zai kawo har gida. Ni kuma an ce in shirya keji, in nemo littafin da ake gane ire-irensu kar a cuce mu. Wane littafi ne, kuma me suke ci? Ayaba da gwanda sun isa?

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Tun kafin a kai ga littafi, ka tambayi dillalin nan daga ina dabbar ta fito kuma ina takardunta. Duk duniya Madagaska ce kaɗai gidan lemur na asali, sai iri biyu da ke tsibiran Komoro waɗanda ake ganin mutane ne suka tsallaka da su. Kuma dukkansu suna rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, ma'ana ba a cinikin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasa da ƙasa, Najeriya kuwa ta sa hannu. A can Madagaska ma ajiye shi a gida laifi ne tun shekarun 1960.

Alhaji Na Kwari:
Hajiya kin fara da tsoratarwa tun ba a je ko'ina ba. Yaron nan tambayar abinci ya yi. Ni na shiga gidajen zu a ƙasashen waje na ga irin wannan mai jelar da yawa, har wurin da ake buɗe ƙofa ka shiga cikinsu suna tsalle ta gefenka. Su ya halatta gare su mu ya haramta? In Bature zai iya riƙewa me zai hana Bahaushe, kuɗi ne fa oga zai sa ba roƙo ba.

Dokta Zariya:
Alhaji Allah ya ƙara girma, zan dawo kan maganarka don tana da muhimmanci, amma bari in fara amsa wa ƙanina batun ayaba don nan ne ake kashe su ba a sani ba. Ayaba da gwanda da mangwaro da kankana da muke saya a kasuwa mutum ne ya yi ta zaɓen iri har suka zama zaƙi zalla, 'ya'yan itacen da lemur ke ci a daji kuwa ɗaci-ɗaci ne da bauri, sukari kaɗan, ɓawo da zare da yawa. In ka ɗora shi kan ayaba kullum zai so ta, zai ma ƙi komai sai ita, sai ƙiba ta zo, haƙora su ruɓe, ciwon sukari ya biyo baya, kashinsa kullum ruwa-ruwa. Gidan zu na Paignton a Ingila a 2014 suka sanar sun daina ba birai ayaba saboda wannan, suka koma ganyaye da kayan lambu, kuma sun ce har faɗa ya ragu a tsakanin dabbobin.

Sannan akwai matsalar sinadarin ƙarfe. Wasu nau'in lemur in suna tsare jikinsu na tara shi a hanta ya yi yawa har hantar ta lalace, shi ya sa ba a ba su maganin ƙarin jini irin na mutane ko abincin gwangwani na yara haka kawai don an ga dabba ta yi laushi. Na uku kuma mage. Wannan mai zoben jela da oganka ya gani, ƙwayar cutar da ke cikin kashin mage, toksoplazma, tana kashe shi cikin 'yan kwanaki. Ka duba wurin aikinku, maguna nawa ke yawo da daddare wajen kicin da ɗakin ajiyar abinci? Kashi ɗaya a cikin yashin keji ya wadatar.

Abban Hanifa:
Innalillahi. Dokta maguna kam ba a magana, mu ma muke barinsu saboda ɓeraye.

Ɗan Maraɗi:
Lokotoro ya faɗi gaskiya. Ni aiki ya kai ni Madagaska, aikin rijiyoyi da ban ruwa, na zauna kudu wajen Fort-Dauphin kuma na ga wannan dabba da idona a dajin Berenty, su can maki suke ce mata. Abin da zai ba ku mamaki babban abincinta a wurin tsamiya ne, tsamiyarmu dai da muke kunu da ita, suna ce mata kily, tana cin 'ya'yan tana cin ganyen. Da safe in sanyi ya kama sai ka gansu sun zauna a ƙasa sun buɗe hannuwa sun miƙa cikinsu mai farin gashi ga rana, shiru, garke guda, wasu da jarirai manne a ƙirji. In suka tashi tafiya kowa jela sama. Kuma mata ke mulki, mace ta zo wurin da namiji ke ci sai ya matsa ba gardama, in ya yi jinkiri ya sha mari. Mazan su kuma faɗansu na wari ne, suna goga jela a wani wuri mai wari a hannunsu sai su riƙa kaɗa ta wajen abokin gaba.

Abin da nake so Abban Hanifa ya gane, garke nake cewa. Goma, sha biyar, ashirin. Uwa da 'ya'yanta mata da jikoki suna zaune tare har mutuwa, maza ne ke canza garke. Biyu a keji ba rayuwarsu ba ce.

Alhaji Na Kwari:
To ai ka ga ma ta zo gidan sauƙi, tsamiya ce muke da ita har ta yi yawa. Zafi kuma kun ce kudu busasshiya ce kamar nan. Sai a sayo shida maimakon biyu.

Anti Bilki:
Alhaji a sayo a wajen wa? Nan fa gizo ke saƙar. Waɗanda ka gani a Turai da Amurka kusan duk a can aka haife su, kakanni da kakanni, kowane ɗaya yana da lamba da rajista, an san uwarsa an san ubansa, akwai mai riƙe da littafin zuri'a na kowane nau'i, shi ke cewa wannan namijin a kai shi gidan zu kaza don kar a yi ta auren 'yan uwa jini ya lalace. Musanya suke yi tsakaninsu, ba dillali. Wanda zai turo maka bidiyo a waya yace zai kawo har gida ba takarda, akasari jariri ne aka raba da uwa, kuma uwar lemur ba ta sakin ɗanta da daɗin rai, kowa ya san abin da ake mata kafin a ɗauka. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta fiye da lemur 28,000 aka tsare a gidaje da otal-otal a cikin Madagaska kanta a 'yan shekaru kaɗan. Wallahi abin na ci min rai, don duk hoton da aka ɗauka da shi a kafaɗa aka sa a TikTok wani ogan ne zai gani shi ma yace yana so.

Dokta Zariya:
Ƙari a kan na Anti, wanda aka raina a hannu tun yana jariri yana da daɗin sha'ani shekara biyu na farko, da ya balaga sai ya fara cizo, kuma fiƙoƙinsa na sama kaifi ne da su, yanka suke ba huda kawai ba. Wuri ne da yara ke zuwa. Ka yi tunanin ranar sallah da cunkoso.

Sadiq Zoology:
Salam iyayena da yayyena, ɗalibi ne ni, bari in sa baki kan littafin tunda shi aka tambaya tun farko. Wanda kowa ke ambata shine Lemurs of Madagascar na Russell Mittermeier da abokan aikinsa, zanen Stephen Nash. Bugun farko 1994 ya lissafa iri 50, na biyu a 2006 ya kai 71, na uku a 2010 ya kai 101. Cikin shekara 16 adadi ya ninka. Akwai kuma na Nick Garbutt kan dabbobi masu shayarwa na Madagaska baki ɗaya, shi hotuna ya fi yawa. In za a saya a nemi bugu na baya-bayan nan, tsohon zai rikita mutum don sunaye da yawa sun canza.

Maman Khalifa:
Ikon Allah, to daga ina sababbin ke fitowa? Daji na ƙarewa kuma iri na ƙaruwa?

Sadiq Zoology:
Mama yawanci ba sababbi ba ne a daji, suna nan tun da, gwajin ƙwayar halitta ne ya raba su. Misali 'yan ƙananan nan na dare da ake kira lemur ɓera, farkon shekarun 1990 iri biyu kawai aka sani, daga baya lissafin ya haura 20, kuma in an jera maka su a tebur da ƙyar ka bambanta, duk jajaye-jajaye ne ko toka-toka da manyan idanu. Cikinsu akwai na Madam Berthe a dajin Kirindy, giram 30 ne nauyinsa, shine mafi ƙanƙanta a duk dangin birai na duniya. Akwai wanda aka bayyana a 2020 aka sa masa sunan Farfesa Jonah Ratsimbazafy, masanin lemur ɗan ƙasar. Amma ba duk masana suka yarda ba, Ian Tattersall ya yi rubutu a 2007 yana tambaya shin iri ne da gaske suka ɓuya ko dai kumbura lissafi ake yi. Ni dai ina ganin yana da hujja a wasu wuraren, in an ɗauki samfuri kaɗan daga daji ɗaya aka ga ɗan bambanci aka ce sabon nau'i ne, gobe aka ƙara samfuri sai bambancin ya narke.

Anti Bilki:
Sadiq na yarda da kai rabi. Ko an kira shi nau'i ko ba a kira ba, in dajin da yake ciki shi kaɗai ne a duniya kuma aka ƙone shi, abin da ke ciki ya tafi. Sau da yawa sunan ne ke sa a waiwayi wani ɗan ƙurmin daji da ba wanda ya damu da shi.

Kuma ga abin da masu sayen littafi ba sa lura, a irin waɗannan littattafan taswira ta fi hoto aiki. Kana tsaye a daji kaza, gabas da kogi kaza, to ƙaramin lemur ɗin da fitilarka ta haska ɗaya ne cikin biyu ko uku, ba cikin ɗari ba, don koguna ne suka raba yawancinsu. Amma dabbar da ke cikin kwali a hannun dillali ba ta da taswira. Littafin zai gaya wa Abban Hanifa wannan mai zoben jela ne, wannan ko yaro ya kalli hoto sau ɗaya zai gane, amma ba zai gaya masa daga ina aka sato shi ba, ko yana ɗauke da tarin fuka.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya kin tuna min. A arewa wajen Nosy Be akwai wanda ake kira baƙin lemur, namijin baƙi ƙirin, macen kuma ja-ja ce da farin gashi buzu-buzu a kunnuwa, in ba a faɗa maka ba sai ka rantse dabba biyu ne daban. Shi ya sa ni na fi son littafi mai zane, yana jera maka mace da namiji da ɗa a shafi guda, hoto kuwa a daji kullum ko dai duhu ko ganye ya rufe rabin fuska. Amma wallahi duk littafi bai kai ɗan jagora na ƙauyen ba. A Andasibe wanda ya shiga da mu daji da sassafe ko takarda bai riƙe ba, ƙasa jiƙe, matsattsaku na hawa ƙafa, sai ya tsaya ya ɗaga hannu, can sai kukan indri, wani irin lemur, ya tashi. Jama'a ban taɓa jin abu irin wannan ba, wani dogon sauti ne mai hawa yana sauka, uwa da uba da 'ya'ya suna amsa wa juna, wani gidan ya amsa daga tsallaken tudu, ana jinsa daga nisan kilomita biyu ko fiye, tsigar jikina sai da ta tashi. Shine mafi girma cikin waɗanda suka rage, yana kai kilo 9, baƙi da fari, kusan ba shi da jela. Babakoto suke ce masa kuma mutanen wurin da yawa suna ganin haramun ne a al'adarsu a kashe shi.

Dokta Zariya:
Yauwa, indri ɗin nan shine amsata ga Alhaji. Alhaji duk kuɗin Turawa da iliminsu, je ka duk gidajen zu na Turai da Amurka ba za ka ga indri ba, an gwada tsare shi ba ya rayuwa, cikinsa an gina shi ne kan ganyayen dajinsa iri-iri. Sifaka ma, wani irin lemur mai tsalle a tsaye, wurare ƙalilan ne suka iya da shi. Cibiyar Duke a jihar North Carolina, wadda aka kafa a 1966 kuma ta fi ko'ina yawan lemur a wajen Madagaska, sai sun yanki ganye da rani sun cika firiza don sifaka ya samu abin ci lokacin sanyi. Akwai kuma mai cin gora na Ranomafana da aka gano a 1986, wanda dalilinsa aka kafa gandun a 1991 da ƙoƙarin Patricia Wright, gorar da yake ci tana da gubar nan irin ta rogo mai ɗaci, yana cin abin da ya isa ya kashe dabba mai girmansa sau da yawa a rana guda kuma lafiya lau. To kowanne da nasa. Ba maganar launin fata ba ce, maganar likita ce na dindindin, da ɗakin gwaji, da wuta da ba ta ɗaukewa, da kuɗin abinci da ba ya yankewa in oga ya yi tafiya ko kasuwa ta ja baya. Lemur mai zoben jela yana haura shekara 25 a tsare. Wa zai ɗauki nauyin shekara 25?

Alhaji Na Kwari:
Dokta na ji, kuma ban raina iliminka ba. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, in dajin nasu na ƙarewa kamar yadda kuke cewa, ba gara a kwaso su a raba wa duniya ba? Ko banza iri ba zai ɓace ba.

Anti Bilki:
Ƙarewa kam yana ƙarewa Alhaji. Lissafin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na 2020 ya ce cikin nau'i 107, guda 103 na cikin barazana, 33 kuma suna bakin gaɓa. Amma an gwada abin da kake faɗa ta ɗaya ɓangaren, wato mayar da na gidan zu daji. Daga 1997 zuwa 2001 an saki lemur 13 na wani irin mai baƙi da fari, ba indri ba, haifaffun Amurka a dajin Betampona kusa da Toamasina. Fosa, wato babbar dabba mai farauta a tsibirin, ta cinye da dama cikinsu don ba su san tsoronta ba, kaɗan ne suka rayu har suka haihu da na daji. An samu nasara amma da tsada da wahala, a kan dabba 13 kacal. Gidan zu na gaskiya yana da amfani, ba na musu, aye-aye, wani lemur na dare, da lemur na tafkin Alaotra da Gerald Durrell, masanin dabbobi ɗan Birtaniya, ya kai gidan zu ɗinsa na tsibirin Jersey a 1990 sun hayayyafa a can kuma ƙungiyarsa na aiki a Madagaska har yau. Amma wannan daban, keji biyu a wurin shan askirim daban.

Ɗan Maraɗi:
Kuma kar mu zauna nan mu zagi mutanen Madagaska. Talauci ne wanda mu ma mun san irinsa. Mutum na sare daji ya ƙone don ya shuka shinkafar tudu, tavy suke cewa, shekara biyu uku ƙasa ta gaji ya matsa gaba. Gawayi kuma shine girkin birni gaba ɗaya, buhu-buhu a bakin hanya tun daga Tana, babban birnin ƙasar, har kudu. A kudu in fari ya zo, yunwar da suke kira kere, kamar ta 2021, mutane har 'ya'yan kaktus suke ci su kwana, wa zai yi musu wa'azin lemur? Manyan ɓarayin su ne masu fitar da katako mai tsada zuwa waje bayan rikicin siyasar 2009, irin yadda aka yi wa madobiya a Taraba. Abin da na gani yana aiki shine Anja kusa da Ambalavao, ƙauyawa ne da kansu suka killace ɗan dajinsu a gindin duwatsu, baƙi na biyan kuɗin shiga da na jagora, kuɗin na zama a garin, maki kuwa sun cika wurin har kan duwatsu.

Maman Khalifa:
Allah sarki. Ni tambayata, mu nan ba mu da danginsu ko kaɗan?

Sadiq Zoology:
Muna da su Mama, galago, ɗan ƙaramin nan mai manyan idanu da kunnuwa da ke tsalle a bishiyoyin ƙaya da dare yana cin ƙaro da ƙwari, akwai shi a dazukan arewa. Shi da lemur 'yan ɗaki ɗaya ne, hancinsu a jiƙe, kuma haƙoransu na gaba na ƙasa a jere suke kwance suna taje gashi da su.

Alhaji Na Kwari:
Ni dai har yanzu ina ganin in mutum ya bi hanya ya samu lasin daga ma'aikatar muhalli, ya kawo daga gidan zu mai rajista, ya ɗauki likita, ba wanda ya isa ya hana shi. Amma ta hannun dillalin waya kam ban goyi baya ba, kwastam su kama kaya a filin jirgi sunan mutum ya ɓaci a banza.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Zan tattara maganar takardu da ta mage da ta cizo in kai wa oga, na san batun yara da kwastam zai fi shigarsa. Amma Dokta yanzu hankalina ya koma kan jan birin da ke hannuna, don su ma ayaba da burodi da ragowar shinkafa muke ba su, kuma babban namijin ya fara tsige gashin hannunsa.

Dokta Zariya:
To ka fara rage burodi da ayaba a hankali cikin sati biyu zuwa uku, kar ka yanke rana ɗaya. Ka ƙara ganye, kabewa, karas, kokwamba, ɗanyen wake da aka jiƙa aka dafa, dafaffen ƙwai jefi-jefi, fara in lokacinta ne amma ba wadda aka yi wa feshi ba, da ƙaro in ka samu don a daji suna cinsa sosai. Kar ka zuba a kwano guda, ka watsa cikin ciyawa da ramukan itace su wuni suna nema. Jan biri dabbar ƙasa ce mai gudu, yana kai kilomita 55 a awa, fili yake buƙata fiye da tsawo, tsigar gashin nan sau da yawa ƙunci ne da zaman banza amma sai an duba fata kar ya zama ƙazuwa. Turo min hoton kejin ta inbox da na hannun nasa kusa-kusa, ka kuma auna min tsawo da faɗin wurin ko da taku ne.